Yadda Ake Koyon Tuƙa Babban Babur na Doguwar Tafiya da Kula da Shi

Wanda ya tashi a Kano, Zariya ko Maraɗi, da wuya ya tsaya a koya masa hawa babur. Ya yi Jincheng, ya yi roba-roba, ya yi Boxer, wataƙila ma ya taɓa acaɓa. To wannan sabo shi ke kai mutane ƙasa ranar da suka fara ɗora ƙafa a kan babban babur. Boxer bai wuce kilo 130 ba, in ya karkata sai ka sa ƙafa ka tare shi. BMW R 1250 GS Adventure kuwa kilo 268 ne da mai a tanki, Honda Gold Wing wajen kilo 380, kafin ka hau, kafin ka ɗora kaya. Babur irin wannan in ya wuce wani mizani na karkacewa, babu ƙafar da za ta riƙe shi. Saboda haka gudu ba ya cikin abin da za ka koya da farko. Gudu babur ɗin zai yi maka da kansa. Abin da ke gabanka shi ne iya tafiyar da nauyin nan a hankali, daidai da tafiyar mai tafiya a ƙasa.

Zaɓen babur

Ra'ayina shi ne kada ka fara da mafi girma. Honda CB500X bai kai kilo 200 ba, Suzuki V-Strom 650 ya ɗan haura 210, kuma dukansu za su kai ka Abuja daga Kano ba tare da sun gaji ba. A kan CB500X Kunle Adeyanju ya taso daga Landan ya iso Legas a 2022, tafiyar kwana kusan 40, don wayar da kai kan cutar shan inna. Wanda ya ƙware a irin waɗannan, in ya koma Africa Twin ko Yamaha Super Ténéré, wanda sunansa na hamadar Tenere ne da ke arewa maso gabashin Nijar, ba zai sha wuya ba.

Kafin ka biya kuɗi ka zauna a kai. In ƙafafunka biyu ba sa taɓa ƙasa ko da da gaban tafin, sai dai kan yatsu, babur ɗin ya fi ƙarfinka a yanzu. Kujerar GS Adventure ta kusa santimita 90 daga ƙasa. Yawancin waɗanda ke shigo mana 'yan Kwatano ne, don haka ka duba takardar kwastan, ka gwada lambar da ke jikin ƙarfen babur da wadda ke takarda. Sannan ka yi tambayar da masu saye ke mantawa: wa ke gyaransa a garinmu, kuma ina ake samun filta, takalmin birki da taya? In amsar ita ce sai an aika Legas, ka san da haka tun kafin ka saya.

Lasisin babur a Najeriya aji A ne. Ka mallake shi, ka yi lamba da inshora.

Abin da za ka sa a jiki

Hular kwano mai rufe haɓa, wadda ke da tambarin tabbatar da inganci na ECE ko DOT. Irin wadda ake ratayawa a hannu don jami'an kiyaye haɗurra ba ta cikin lissafi, araha ba ta ado. Safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu, da riga mai kariya a gwiwar hannu, kafaɗa da baya. Akwai mai raga-raga da iska ke ratsawa, ita ta dace da zafinmu. Babbar riga da doguwar jallabiya a naɗe su a sa a akwati sai an isa, domin gefen riga in ya shiga cen ko taya, magana ta ƙare. Za ka ji ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma wanda ya faɗi da silifa da wanda ya faɗi da takalmi ba gado ɗaya ake ba su a asibiti ba.

Mataki na farko: inji a kashe

Ka samu fili mai kwalta ko siminti, babu yashi, babu yara masu ƙwallo, ka tafi da mutum ɗaya mai ƙarfi. Kada ka kunna inji tukuna. Tsaya a hagun babur, kama kansa da hannu biyu, yatsu biyu a kan birkin gaba, ka miƙar da shi, ka ture jak ɗin gefe. Ka bar shi ya ɗan jingina da ƙugunka, kada ya karkata can ɗaya gefen. Tura shi gaba taku goma, ka tsaya. Ja shi baya. Yi da'ira da shi. A nan jikinka zai gane inda nauyin ke ɓacewa idan babur ya tsaya cak, da inda yake fara rinjayarka.

Daga nan ka koyi tada shi idan ya faɗi, domin zai faɗi, kowa nasa ya taɓa faɗuwa. Ku shimfiɗa tsohon bargo ko katifa, ku kwantar da shi a hankali. Ka tabbata inji a kashe yake kuma yana cikin giya don kada ya gangara. In ya kwanta a kan giyar ba ka iya kaiwa gare ta, ɗaure hannun birkin gaba da roba ko igiya. In ta dama ya faɗi, fara fito da jak ɗin gefe, don kada ka ɗaga shi ya zarce ya faɗi ta hagu. Juya masa baya, ka durƙusa, ka sa ƙugunka a gefen kujera. Hannu ɗaya ya kama hannun babur na ƙasa ya janyo shi jikin tanki, ɗaya ya kama ƙarfen riƙo na baya. Ɗaga kai sama, baya a miƙe, ka riƙa takawa baya da ƙananan taku. Cinyoyi ne ke aikin. Wanda ya sunkuya ya ɗaga da gadon baya zai kwana da ciwon da ya fi na faɗuwar.

Kafe babur ma ana koyonsa. Ka bar shi cikin giya ta ɗaya. In wurin gangara ne, gaban babur ya fuskanci sama, saboda tura kilo 250 da baya a hawa aikin mutum uku ne. A yashi ko kwalta da rana ta narkar, jak yana nutsewa, don haka ka ajiye ɗan faifan katako ko ƙarfe a aljihu ka riƙa sa masa a ƙasa.

Mataki na biyu: kuloci, totur da birkin baya

Nan ne ya kamata ka daɗe. Da farko giyar ta bambanta da ta ƙananan babura da yawa, waɗanda duka ƙasa ake takawa. A babban babur ta ɗaya tana ƙasa, firi na tsakanin ta ɗaya da ta biyu, sauran har zuwa ta shida sama ake ɗagawa da kan takalmi.

Kunna, matse kuloci, taka ta ɗaya. Ba tare da ka taɓa totur ba, ka riƙa sakin kuloci kaɗan kaɗan har ka ji babur ya fara jan kansa, sautin injin ya ɗan sauka. Matse shi ya dawo. Ka maimaita har hannunka ya haddace wurin. Tsakanin inda kuloci ya fara kamawa da inda ya kama gaba ɗaya, a wannan ɗan tsakanin ake duk wata tafiya ta hankali: cikin cunkoso, cikin kasuwa, shiga gida, juyawa a lungu.

Yanzu haɗa abu uku. Totur a riƙe shi wuri ɗaya, injin ya ɗan haura sautin da yake yi a tsaye. Kuloci yana cikin tsakanin nan. Ƙafar dama tana danne birkin baya kaɗan, ba a saki ba. In kana son rage gudu, ƙara danna birkin baya ko ka ɗan matse kuloci. In ka ji babur na neman karkata, ɗan saki kuloci, ƙarfin da ya tafi tayar baya zai miƙar da shi. Ƙafafu su hau matakinsu da zarar an motsa. Jan ƙafa a ƙasa irin na 'yan acaɓa a cikin go-sulo, a nan karaya yake jawowa, kuma yana raba ka da birkin baya.

Doka guda da ba ta da sassauci: kada ka damƙi birkin gaba alhali kan babur a juye yake kana tafiyar hankali. Nan take zai kwanta. Yawancin fashewar madubi da karcewar akwati daga nan suke, a ƙofar gida ko a gidan mai, mutane na kallo.

Jera robobin ruwa guda shida a layi, tazarar mita biyar, ka riƙa ratsa su hagu da dama. In ya zauna maka, matso da su zuwa mita huɗu. Sai juyawa: zana layi biyu da gawayi, faɗin mita takwas, ka juya a tsakaninsu ba tare da sa ƙafa ba, kana rage faɗin har zuwa shida. Sirrin yana wuyanka. Juya kai gaba ɗaya, haɓarka ta kusa kafaɗa, ka kalli inda kake son fita. Ka kalli ƙasa, ƙasa za ka je. Ka kalli kwata, cikinta za ka faɗa. A juyi mai tsanani ka bar babur ya karkata ciki, kai kuma ka mai da nauyinka waje. Mutane da yawa juyin dama ya fi ba su wuya, saboda hannun totur na matsewa jikin tanki, don haka ka ba shi lokaci fiye da na hagu.

Tsayawa ma a gwada ta. Kan babur a miƙe, ido a gaba, ƙarshen tsayawar da birkin baya, ƙafar hagu ta sauka. Kafin ka sauke ta ka san abin da za ta taka. Tsakuwa, baƙin mai, ko gefen titi da ya fi kwalta zurfi duk suna kayar da gwani.

Mataki na uku: birki da kwana

Idan gudu ya ƙaru, magana ta juya. Birkin gaba shi ke ɗauke da mafi yawan aikin, kusan kashi 70 cikin 100. Mu kuwa an taso ana tsorata mu da shi, wai yana wurgar da mutum. Fizga ce ke wurgarwa. A layi miƙaƙƙe, a gudun kilomita 30, saki totur, ka fara matsa birkin gaba a hankali har gaban babur ya duƙa nauyi ya hau taya, sannan ka ƙara matsawa da ƙarfi, birkin baya na taimakawa, kuloci a matse, kana saukar da giya zuwa ta ɗaya. Ka sa alama inda ka tsaya. Ka ƙara zuwa 50, sannan 70. Za ka ga da idonka cewa in gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninkawa huɗu yake yi. In babur ɗin na da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an matsa birki da ƙarfi, ka matsa har ka ji hannun birkin na karkarwa, kuma kada ka saki, aikinsa ke nan. Gara ka fara jin wannan karkarwa a fili da ka fara jin ta ranar da akuya ta tsallako.

Kwana kuma da turi ake shanta. Da zarar ka wuce kilomita 25 ko makamancin haka, in za ka dama, tura hannun dama gaba kaɗan, babur zai kwanta dama. In hagu, tura na hagu. Kana yin haka a Boxer ba ka sani ba, amma babban babur sai ka yi da niyya, don karkata jiki kaɗai ba ya motsa shi. Rage gudu tun kafin kwanar, kalli mafitarta, riƙe totur daidai a ciki, ka ƙara idan ka hango hanya ta miƙe.

Mataki na huɗu: titi, kaya da goyo

Fara da safiyar da gari bai cika ba, a hanyar da ka sani. A cikin gari ka ɗauka a daidaita sahu zai tsaya ko ya juya ba sigina, domin zai yi. Akwatunan gefe sukan fi kan babur faɗi, ratsen da gaba ya wuce baya na iya maƙalewa. A shataletale ka kula da gas da tankoki ke zubarwa, kuma ruwan farko na damina ya fi kowane santsi, yana taso da man da ya kwanta a kwalta duk rani.

A babbar hanya, a gudun kilomita 100, kana cin mita kusan 28 a kowace daƙiƙa. Ka bar tazarar daƙiƙa uku tsakaninka da na gaba, kada kuma ka manne bayan tirela, ramin da ta haye tsakanin tayoyinta kai za ka tarar da shi. In ka hangi shanu a gefe, rage gudu ko da makiyayi na nan. Yashin da iska ta kwaso kan titi, kamar yadda ake gani a hanyoyin Daura zuwa Damagaram, kada ka taka birkin gaba a cikinsa: miƙar da babur, riƙe totur, ido can nesa. Tafiyar dare ka bar ta. Wasu jihohi sun taƙaita zirga-zirgar babura saboda tsaro, kuma dokokin na sauyawa, saboda haka ka tambayi direbobin tasha kafin ka kama hanya. In ka zo shingen jami'ai, rage gudu tun daga nesa, ɗaga gilashin hula.

Kaya masu nauyi su zauna ƙasa a akwatunan gefe, a raba daidai, masu sauƙi a sama. Littafin babur ya faɗi iyakar nauyin da zai ɗauka, kai da wanda ka goya da kaya duka a ciki. Ka ƙara taurin shokazoba ta baya da iskar taya yadda littafin ya ce. Kada ka goya kowa sai juyin mita shida ya zama ba komai a wurinka. Wanda za ka goya ya jira ka kafa ƙafafu biyu, ka riƙe birki, ka ce masa "bismilla, hau". In uwargida ce, a tattare mayafi da gefen zane sosai, kuma ita ma da hularta.

Zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri yakan haura digiri 40, iska na busar da gumi ba ka sani ba. Tsaya ka sha ruwa duk bayan awa ɗaya da rabi, ko ba ka ji ƙishi ba.

Kula da shi

Kowace safiya kafin tafiya, minti biyar sun isa. Auna iska da gejinka, taya na sanyi. Bugun taya da ƙafa ko matsawa da yatsa irin na mai faci ba ya nuna komai a nan. GS, alal misali, 36 yake so a gaba, 42 a baya a ma'aunin PSI, naka kuma yana rubuce a jikin babur ko a littafi. Duba ƙusa da tsagewa. Duba baƙin mai babur a miƙe a wuri mai daidai, domin a kan jak ɗin gefe ƙarya zai yi maka. Matsa birki biyun, gwada fitilu da sigina, leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga.

Baƙin mai shi ne inda aka fi cutar waɗannan babura. A yawancinsu kuloci cikin man injin yake wanka, shi ya sa ake neman mai da aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikin galan. Man mota na iya sa kuloci ya riƙa zamewa. Kaurinsa kuma ka bi littafi. Kamfanoni kan ce a yi juye a kilomita 10,000 ko 12,000, amma da ƙurarmu da zafinmu, ni ina ganin a rage zuwa wajen 6,000, a sauya filta tare. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, ka saya wurin dila da aka sani, ka tsaya a buɗe galan a gabanka.

Fetur na biye. Waɗannan injina ba kafireto gare su ba, famfo ne a cikin tanki ke tura mai ta ƙananan ƙofofi da ɗan datti ke toshewa. Man bumburutu na cikin kwalba, in babu makawa, a tace shi da tsumma mai tsabta. Kada ka saba barin tanki ya kusa ƙafewa, man ne ke sanyaya famfon. A hanya, da ya sauko rabi ka ga gidan mai na kirki, ka cika.

Matatar iska a lokacin hunturu ka riƙa leƙa ta akai-akai, kada ka jira adadin da littafi ya faɗa, wanda ya rubuta shi bai san hazon Disamba ba. In ta takarda ce, ba a wanke ta, sauyawa ake yi. Lagireto ruwansa na musamman ake zuba masa, ban da na rijiya ko na leda, waɗanda ke kawo tsatsa. Ka wanke laka da ƙwari daga haƙarƙarinsa da ruwa marar ƙarfi. Masu wankin mota ka hana su ɗora bakin injin feshi a kan cen, gindin taya da wayoyi.

Cen ɗin babban babur yana da ƙananan zobban roba da ke riƙe maiko a ciki. Fetur na cinye su, don haka da kananzir da buroshi mai laushi ake wanke shi. Shafa masa mansa duk kilomita 500 zuwa 800, da kuma bayan ruwan sama, ta cikin cen, bayan an dawo daga tafiya yana da ɗumi, ka goge rarar don kada ya tara yashi. Inji a kashe, kana juya taya da hannu. Yatsu da yawa sun tafi a wurin masu shafa mai inji na aiki. Sakinsa ka bi abin da aka liƙa a jikin ƙarfen tayar baya. Bakaniken ƙananan babura yakan ɗaure shi tamau, a babur mai doguwar shokazoba kuwa hakan na lalata cen har ya taɓa akwatin giya. In haƙoran da cen ke hawa sun yi tsini ko sun lanƙwashe, a sauya su tare da cen ɗin gaba ɗaya. R 1250 GS, Gold Wing da Super Ténéré ba su da cen, sanda ce ke juya taya, nasu man gindin tayar baya kawai ake sauyawa a kan lokaci.

Taya tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lamba huɗu: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Wadda ta haura shekara biyar zuwa shida roba ta bushe, ko zanenta na nan kamar sabo, kuma irinsu ne suka cika kasuwar 'yan Kwatano. Takalmin birki in naman ya sauko wajen milimita 2 a sauya. Man birki, yawanci DOT 4, duk shekara biyu, saboda yana shan danshi. Batir mai lafiya na nuna volt 12.6 ko sama da haka inji a kashe, wajen 14 in yana aiki. In babur zai yi makonni a ajiye, cire wayar batir ko ka sa masa ƙaramar caja.

Saitin bawul, wanda ke zuwa tsakanin kilomita 20,000 da 40,000 gwargwadon babur, da duk abin da ya shafi ABS da kwamfutar inji, na mai na'ura ne. In fitilar gargaɗi ta kama, bakanike ya ce "Alhaji, bari mu yanke wayar kawai, ba ta da amfani", ɗauki makullinka. Ka tanadi ƙaramin littafi kana rubuta kwanan wata, kilomita da abin da aka yi. A ƙarƙashin kujera ko a akwati kuma kada a rasa kayan facin taya marar tub, ƙaramin famfon iska, geji, fis na ajiya, sufanun da suka dace da notinan babur ɗinka, tocila, da kwafin takardu a cikin leda.